Injin da ya san abu da injin da ya san ki: amsa ga tambayar ƙanwarmu

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, rashin wuta ne ya hana ni amsawa sai yanzu. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi ita da yayanta suna zaune kan tabarma ɗaya a Mabera, kowa ya rubuta kalma iri ɗaya a manhajar bidiyo, amma abin da ya fito mata daban, nasa daban. A aji kuma malaminsu ya yi musu bayanin "semantik web", wato yanar da ake son ta riƙa gane ma'anar abin da aka rubuta. Shi ne take tambaya ko wannan ganewar ce ta raba musu amsa.

Ba ita ba ce. Abu biyu ne mabambanta, ko da yake yau a tukunya ɗaya kamfanoni ke dafa su. Na farkon, bari mu kira shi yanar ma'ana, ƙoƙarinsa ya san abin da ake magana a kai. Na biyun, wanda ni nake kira tankaɗe, ƙoƙarinsa ya san mai tambayar, ya sa rariya ya tace masa abin da yake ganin zai so.

Mu fara da sunan garinmu. Idan kika rubuta "Sokoto", kwamfuta haruffa shida kawai ta gani. Ba ta san ko birnin kike nufi ba, ko jihar da aka ƙirƙira a 1976, ko kogin da ya haɗu da Rima, ko daular da Shehu ya kafa. Bayarabe ma in ya rubuta haruffan nan, wataƙila wando yake nema, domin da wannan suna suke kiran wando a bakinsu. Kuma in kika rubuta "Sakkwato" yadda muke faɗa, a wurinta wani abu ne can daban mai haruffa takwas. Haka sunan Shehu: wani ya rubuta Usmanu Ɗanfodiyo, wani Usman dan Fodio, Balarabe ya rubuta Usman bin Fudi. Yaron makarantar allo ya san mutum ɗaya ne. Injin bai sani ba sai an gaya masa.

Wannan gaya masa ɗin shi ne yanar ma'ana. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989 yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Jeniba, shi ne ya fi kowa tallata ta. A 2001 shi da James Hendler da Ora Lassila suka fitar da wata maƙala da ta bazu, inda suka zana duniyar da na'ura za ta iya nemo wa tsohuwa likita, ta duba lokacin da ’ya’yanta ke da sarari, ta tsayar da ranar ganinsa, duk da kanta. Dabarar ba ta da wuya. Kowane bayani a yanka shi gida uku: abu, dangantaka, wani abu. Muhammadu Bello, ɗan, Shehu Usmanu. Nana Asma'u, ’yar, Shehu Usmanu. Muhammadu Bello, an binne shi a, Wurno. In aka ƙara wa injin ƙa'ida cewa duk waɗanda suka haɗa uba ’yan'uwa ne, da kansa zai fitar da cewa Bello da Asma'u ’yan'uwa ne, ba tare da wani ya rubuta masa hakan ba. Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure yana jera salsala, wane ya karɓa daga wane, wane daga wane, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tsarin rubuta waɗannan yankan uku-uku ana kiransa RDF, kuma ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar ta amince da shi tun 1999.

Sai abu na biyu: kowane abu a ba shi lambar da ba ya tarayya da kowa a cikinta. A rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, Najeriya ita ce Q1033, Nijar kuma Q1032, maƙwabta har a lamba. Ki kira ta Najeriya, ki kira ta Nijeriya, ki rubuta da Larabci ko Sinanci, lambar ba ta canzawa. Sunaye riguna ne kawai da ake rataya wa lambar. Da haka ake iya yi wa rumbun tambayar da binciken kalmomi ba zai amsa ba, misali a ce ya jero duk mata marubuta da aka haifa kafin 1900 a ƙasar da yau ake kira Najeriya. Zai jero iya waɗanda aka shigar masa, ba ƙari.

Mafarkin 2001 bai cika yadda aka zana ba, gaskiya. Dalili kuwa aikin na hannu ne, sai wani ya zauna ya yi wa kowane bayani lamba da alama, kuma masu shafuka ba su ga ribar wahalar ba. Abin da ya tsira shi ne wanda manyan kamfanoni suka ga amfaninsa. A 2011 Google da Microsoft da Yahoo suka haɗu suka fitar da schema.org, wato kalmomin bai-ɗaya da mai shafi zai yi wa kayansa alama da su: wannan farashi ne, wannan adireshi ne, wannan lokacin buɗewa ne. A 2012 Google ya fara nuna ɗan akwatin nan da ke fitowa in kin nemi sunan wani sananne, da ranar haihuwarsa da iyalansa. Jikan yanar ma'ana ne wannan akwatin.

To, tankaɗe fa? Shi wannan mai shayin bakin titi ne. Akwai wanda nake zuwa wurinsa da safe, kafin na gama jingine mashin ya riga ya fasa ƙwai biyu, ya ɗago kai ya ce, "Malam, awa jiya?" Ya san ba na son sukari da yawa, ya san ranar Juma'a ina sauri. Bai taɓa tambayata ba, kallo kawai ya yi har ya haddace ni. Manhajar da ke wayarki haka take, sai dai ita idonta ba ya ƙiftawa. Tana lissafin daƙiƙa nawa kika tsaya kan bidiyo kafin ki wuce, wanne kika maimaita, wanne kika tura wa ƙawa, ƙarfe nawa kike buɗewa, daga wane gari, da wace irin waya. Sannan ta nemo dubban mutanen da ɗabi'arsu ta yi kama da taki, ta ce abin da ya riƙe waɗancan zai riƙe wannan.

Ki lura da kyau a nan, don nan ne bambancin ya fi fitowa: wannan hanyar ba ta buƙatar sanin ma'anar komai. Injin ba sai ya san mene ne lalle ba. Ya isa ya ga cewa masu kallon bidiyo mai lamba kaza sukan kalli mai lamba kaza. Kuma kuɗi a nan suke. A 2006 kamfanin Netflix ya sa gasar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya inganta hasashensa na fim ɗin da mutum zai so da kashi 10 cikin ɗari, aka ci gasar a 2009. A 2006 ɗin ne Facebook ya kawo jerin labaran da ke tarbar mutum da zarar ya buɗe, a ƙarshen 2009 kuma Google ya fara daidaita sakamakon bincike da tarihin mai nema ko da bai shiga da asusunsa ba. A wurin bincike bambancin bai cika yawa ba, galibi gari da harshe ne ke juya shi. A manhajojin bidiyo kuwa kusan duk abin da kike gani tankaɗaɗɗe ne, domin iya zamanki, iya tallan da za a nuna miki.

Na ɗanɗana kuɗata da shi bara. Aka ce mahaifiyarmu tana da ciwon suga, na shiga wata manhaja da dare na kalli bidiyo biyu ko uku kan abincin da ya dace da ita. Kwana biyu ba a yi ba shafina ya koma kamar layin masu magani ranar kasuwar Illela. Wannan ya ɗaga kwalba ya ce kwana bakwai ciwon ya tafi, wancan ya ce a jefar da ƙwayoyin asibiti. Bayanin likitan da na fara kallo ya nutse, don shi ba ya ihu. Injin bai yi ƙarya ba, ya ga na tsaya, ya ƙaro. Bai san uwa ba, bai san ciwo ba, bai san wanne ne zai iya kashe ta ba. Mai shayina aƙalla in ya ga na rame zai tambaye ni lafiya.

In aka jera su kafaɗa da kafaɗa, ga abin da ni nake dubawa. Yanar ma'ana amsa ɗaya take ba kowa: shekarar rasuwar Shehu 1817 ce, ko daga Gwadabawa aka tambaya ko daga Landan. Tankaɗe kuwa amfaninsa ke nan ya ba kowa tasa. Idan yanar ma'ana ta yi kuskure, kuskuren a fili yake, kowa na ganinsa, kuma a wuri irin Wikidata ke da kanki za ki iya shiga ki gyara, a ga wanda ya gyara da ranar. Idan tankaɗe ya yi kuskure, ke kaɗai kike cikinsa, ba ki ma san abin da aka hana ki gani ba balle ki yi ƙorafi. Na farko da ilimin da mutane suka bayar da saninsu yake rayuwa. Na biyu da sawun da kika bari ba ki sani ba. Shi ya sa rigimar sirri duk a kansa take: badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, inda aka kwashi bayanan masu Facebook da yawansu ya kai miliyan 87, da dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta sa wa hannu a 2023.

Ban ce tankaɗe sharri ne zalla ba. Ba don shi ba, da mai sayar da turaren wuta daga cikin gida ba ta samu masu saye a Kaduna ba, kuma da karatun malaman da nake bi sai na yi ta tono kafin na same shi. Suna ma haɗuwa: in injin ya san albasa kayan gona ce, ana nomanta a Goronyo da Wurno, sai tankaɗensa ya fi kyau ga manomin da ke neman farashi. Sanin abu yana ƙara wa sanin mutum kaifi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon da Hausa ta samu. Tankaɗe ya ƙoshi da mu, kullum muna ciyar da shi da yatsunmu. Yanar ma'ana kuwa yunwa take ji ta ɓangarenmu. Muna rubuta "gari" ba a san na zama ba ne ko na tuwo, muna rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" don madannin wasu wayoyi ba shi da ƙugiya. Takardun ajami irin waɗanda ke cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ko an ɗauki hotonsu an ɗora, a idon injin hoto ne kawai, sai wani ya zauna ya rubuta wa ya wallafa, a wace shekara, kan wane fanni. Ku da kuke karanta kwamfuta a jami'ar Ɗanfodiyo, aikin da ke jiranku ke nan, kuma ana iya fara shi da waya: a buɗe Wikidata, a nemi garinku, a sa masa sunansa da bayaninsa da Hausa.

Akwai kuma abin dariya irin namu. Tankaɗe yana ɗauka waya ɗaya mutum ɗaya ne. A gidajenmu kuwa wayar uwa ita ce ta yara da rana, ta ƙanin miji da yamma. Sai injin ya haɗa wani mutum da babu shi a duniya, mai son katun da tafsiri da ƙwallon Sifaniya lokaci guda.

In kina son ki gani da idonki, yau da dare ku sake zama kan tabarmar nan. Ku fara buɗe Wikidata a wayoyin biyu ku nemi Q1033, za ku ga bayani ɗaya, sai dai ko harshen da aka nuna shi. Sannan ku yi musayar waya, kowa ya buɗe manhajar bidiyon ɗan'uwansa ya yi minti biyar yana ja sama, kar ya nemi komai. Wannan in yayan naki ya yarda ya miƙo tasa ke nan.