Fruits Basket: babi guda ya biya ni kuɗina, ƙarshen labarin ya bar ni da ƙorafi

Na sayi Fruits Basket, labarin zane-zane (manga) na marubuciyar Japan Natsuki Takaya, ne da zaton labarin soyayyar 'yan sakandare zan samu, irin wanda ake karantawa a huta a manta, kuma kundin farko bai ƙaryata wannan zaton ba. Bugun Turanci mai manyan kundaye 12 na ɗauka, wanda ya haɗe littattafai 23 na asali, labarin da mujallar Hana to Yume ta riƙa fitarwa a Japan daga 1998 zuwa 2006. Mai sayarwar ya aiko mini da kundi ɗaya da ruwa ya taɓa gefensa, ya kuma ƙi canza shi, amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wanda bai karanta ba ya sani cewa zan tona asirin labarin sosai.

Tohru Honda marainiya ce da mahaifiyarta, Kyoko, ta rasu a hatsarin mota, ta koma kwana cikin tanti a filin gidan Sohma, har Shigure da Yuki, 'yan zuri'ar Sohma, suka ɗauke ta ta zauna tare da su. Zuri'ar tana ɗauke da la'ana: mutum goma sha uku daga cikinsu suna rikiɗa su zama dabbobin kalandar Sin idan wanda ba jinsinsu ɗaya ba ya rungume su, dabbobi goma sha biyu da aka sani, sai kyanwa da aka bari a waje saboda a tatsuniyar kalandar ɓera ya yaudare ta ba ta halarci liyafar dabbobin ba. Da farko abin dariya marubuciyar ta mayar da shi, a yi karo, hayaƙi ya tashi, saurayi ya koma ɓera, kuma na fara gajiya da wannan wasa har na yi tunanin na yi asarar kuɗi.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne daren da Kazuma, malamin faɗa da ya reni Kyo, saurayin da ke rikiɗa ya zama kyanwar, ya fizge abin hannun duwatsu da Kyo ke sanye da shi tun yana yaro. Mai karatu ya daɗe yana ganin wannan abin hannu a kusan kowane zane ba tare da ya ba shi muhimmanci ba, ashe shi ne ke danne ainihin siffar kyanwar, wata mummunar halitta mai ɗoyin ruɓaɓɓen nama. A cikin ruwan sama aka yi abin, a gaban Tohru. Na yi tsammanin za ta yi murmushin da ta saba, ta ce ita ba ta ga wani muni ba, domin haka jaruman irin waɗannan labarai suke yi. Sai yarinyar ta durƙusa tana amai. Ta bi shi cikin daji jikinta na rawa, ya ture ta har ya ji mata ciwo, ta juya kamar za ta tafi, sannan ta dawo ta riƙe hannunsa ta faɗa masa gaskiya cewa tana jin tsoronsa, amma duk da haka tana son su ci gaba da zama tare, su ci abinci tare, su yi karatu tare.

Nauyin wannan magana ba ya fitowa sai an haɗa ta da mahaifiyar Kyo, wadda kullum take cewa tana ƙaunarsa, ba ta tsoronsa, alhali ba ta daina duba hannunsa don ta tabbatar abin yana nan ba, kuma ba ta bari ya fita cikin mutane. Yaron ya gane cewa ƙaunar da ake furta masa tsoro ne da aka lulluɓe, kuma abin da ya rasa shi ne wanda zai kalli munin ya amince cewa muni ne, sannan ya zauna. Da gari ya waye Tohru ta dawo gida rungume da shi a siffar ƙaramar kyanwa, yana barci. Ban taɓa ganin an yi amfani da abin ado guda ɗaya an bayyana dangantakar uwa da ɗa, da kunyar da mutum ke ji game da kansa, da wannan ƙwarewar ba, kuma bayan na gama babin sai da na koma baya ina neman abin hannun a tsofaffin shafuka.

Daga nan sauran alamomin suka fara yi mini ma'ana. Wasan yara da aka ɗauko sunan littafin daga gare shi, inda ake raba wa kowa sunan ɗan itace, an kira Tohru dunƙulen shinkafa don kada a taɓa kiran ta, wato ita ma kyanwa ce a wajen liyafa. Ita ce kuma ta ce halin kirkin mutum kamar ɗan itacen tsami ne da ake mannawa a bayan dunƙulen, kowa na ganin na wani, ba ya ganin nasa. Girmanta ma ba a sauƙaƙe ya zo ba, domin a ƙarshe an nuna cewa ladabin maganarta da ya wuce kima kwaikwayon marigayi mahaifinta ne, kuma tana jin cewa idan ta so Kyo fiye da kowa ta ci amanar mahaifiyarta, wadda hotonta ba ya barin kusa da ita.

Sai dai ina cikin wannan yabo na isa ga Akito, shugabar zuri'ar, kuma a nan raina ya ɓaci. Ita ce ta azabtar da 'yan zuri'arta: ta lalata idon Hatori, ta tunkuɗo Rin daga taga, ta kulle Yuki a ɗaki tun yana ƙarami, daga baya ta daɓa wa Kureno wuƙa. An ba mu dalilinta, cewa mace ce da aka tilasta wa tashi a matsayin namiji ƙarƙashin uwar da ta tsane ta, kuma na fahimci hakan, amma fahimta dabam, hukunci dabam. Tohru ta miƙa mata hannun abota, la'ana ta karye, Akito kuma ta samu Shigure da shugabancinta a hannu, ba tare da ta biya wani abu da ya kai girman ɓarnarta ba. Rin kaɗai ce ta tsaya a kan cewa ba za ta iya yafewa ba, kuma da ba don ita ba da na ce marubuciyar ta manta da darasin da ita da kanta ta koyar a daren ruwan saman. Ƙari a kan haka, gaggawar haɗa kusan kowa da abokin zama a kundayen ƙarshe ta yi kama da rabon kayan sallah, kowa sai an danƙa masa nasa ko ya nema ko bai nema ba.

Na ba ƙanwata mai shekara goma sha tara aro, amma ba zan ba 'yar firamare ba, saboda akwai kashe kai da cin zarafin yara a cikinsa, duk da zanen furanni da manyan idanu da ke bangon. Lambar yabon manga ta Kodansha da ya samu a 2001 ta dace da rabinsa na farko. Kundaye biyu na ƙarshe kuwa suna kan kanta, ban sake buɗe su ba.