Darasin alwatika da na saya a Telegram

Gaskiya dai malamin nan da na sayi darasin karanta jadawalin farashin hannun jari a wurinsa ya iya koyarwa, ba zan ci haƙƙinsa ba.  Ni da ban san wani kyandir ba sai na kunnawa, ashe akwai na jadawali mai nuna hawa da saukar farashi, cikin sati guda na iya jan layi a TradingView, manhajar duba jadawalin farashi. Alwatika ita ce siffar da farashi ke zanawa tsakanin layuka biyu. Mai hawa, samanta a miƙe kamar rufin soro, ƙasan yana ta ɗagowa. Mai sauka kuwa daɓen ne a miƙe, kan yana ta sunkuyowa. Ta ukun da layukanta biyu ke tsukewa tare, ya ce kada a yi mata garaje sai ta nuna inda ta dosa. Har yadda ake auna faɗin bakinta a ɗora daga inda farashi ya ɓalle, don a san inda za a sayar, ya nuna.

To, ran wata Alhamis a Maigatari, na gama sayar da riɗi, na zauna gindin darbejiya ina duba hannun jarin wani kamfanin inshora a kasuwar Legas. Mai hawa ce tsaf. Sau uku farashi na dukan rufin yana dawowa, sai ga shi ya huda! Hannuna har rawa yake, na zuba kuɗin buhu biyu. Da na koma gida sabis ya ɗauke, kun san halin ƙauyenmu, sai ka hau tudun firamare kafin ka ga sanda ɗaya. Ran Litinin da na buɗe, farashin ya koma cikin alwatikar, har ya fasa ta ƙasa.

Na tura masa hoto. Wai ban duba yawan ciniki ba, ɓallewar gaskiya sai da cincirindon masu saye, kuma ana jira kyandir ɗin ranar ya rufe a saman layi. Haba Malam, a ina ka faɗa? Da na bincika, ashe a bidiyo na tara ne, bai kai minti ɗaya ba, a tsakiyar tallar guruf ɗinsa na manya. Maganar iyakar asarar da mutum zai ɗauka ya fita kuwa, ko sau ɗaya ban ji ba. Ga cin data kamar ana zuba ruwa a kwando.

Ƙanina ya dame ni in tura masa lambar malamin. Har yau ban tura ba.