Fox Theatre na Detroit: na kai Yayana, har yau bai daina zancen ba

Na daɗe ina so in yi rubutu a kan wannan tsohon gidan silima, sai zuwan Yayana daga Kano ya ba ni dalili. Shekarata bakwai a jihar Michigan, ina wucewa ta titin Woodward ina ganin ƙaton rubutun FOX ɗin nan yana walwali da daddare amma ban taɓa shiga ba, kullum sai in ce wata rana. To da Yaya ya zo duba lafiyar idonsa ya kwana biyu a wajenmu, wata rana muna hira bayan isha'i ya ɗauko labarin zamanin da suke zuwa Plaza da Eldorado da Marhaba kallon Indiya da Chanis, yana faɗa yana murmushi, sai na ce masa Yaya ai kuwa akwai wani tsohon gidan silima a garin nan da ya kamata ka gani kafin ka koma. Washegari na sayi tikiti huɗu, ni da shi da maiɗakina da babban ɗana, na wani wasan kiɗa da aka yi ranar Asabar.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai don in huta, kuma babu ruwan gidan a ciki. Wajen ajiye mota. Ranar ta zo daidai da ana ƙwallon besbol a Comerica Park, filin da ke tsallaken titi kawai, to masu filayen fakin na unguwar duk sun ninka kuɗi, wani fili da na shiga yaron da ke ƙofa ya ce dala 50, na ce haba bawan Allah awa uku fa kawai zan yi, ko kallona bai yi ba ya nuna min layin motocin da ke bayana. Haka na biya. Duk wanda zai je ya fara duba ko akwai wasa a filayen ƙwallon nan, in akwai gara ya ajiye motarsa can nesa ya hau ɗan jirgin titin nan QLine da ke bin Woodward, zai sauke shi kusa da gidan. Kuma tikiti a saya daga hannun gidan kai tsaye, don na ga wasu shafukan 'yan kayi-nayi suna sa kusan ninki biyu a kan kujera iri ɗaya.

Yanzu gidan kansa.

Wallahi da muka wuce binciken ƙofa muka shiga zauren farko Yaya tsayawa ya yi cak, mutane na ta ratsa shi suna wucewa. Zauren nan tsayinsa ya kai bene shida, manyan ginshiƙai jajaye hagu da dama sun miƙe har sama, ga matattakala shimfiɗeɗiya a gaba da zakuna biyu a zaune a gindinta, ko'ina ka duba ruwan zinare ne da zane-zane, wani wajen ka ce Indiya kake, ka ɗan juya ka ce Misira ce ko Farisa ko ƙasar Sin, an haɗa su duka an kwaɓa kuma abin mamaki bai yi muni ba. Yaya ya ce min "kai yanzu wannan duk ba a shiga wajen kallon ba?" na ce Yaya nan soro ne kawai.

Ciki kuma sai wanda ya gani. Kujeru sama da 5,000, rufin an yi shi kamar wani ƙaton tanti na sarakuna da aka kafa da masu, a tsakiya ga wata fitila mai kamar ƙwallo da aka haɗa da gilasai masu launi tana reto, can saman dandamali kuma ga kan giwa na ruwan zinare yana kallon jama'a. Ɗana shi giwar ce ta tafi da shi, har aka tashi yana waiwayenta. Mu a bene muka zauna can baya saboda shi ne mai sauƙin kuɗi, kuma in faɗi gaskiya daga nan fuskokin masu wasa ba sa fitowa sosai, amma sauti yana zuwa tas babu gargada, kuma don kallon ginin kansa babu wajen da ya fi benen, don rufin yana kusa da kai kana ganin ƙananan aikin hannu da na ƙasa ba za su lura da su ba. Mai raunin ido kamar Yaya dai ya ƙara kuɗi ya sauko gaba. Ma'aikatan da ke nuna kujera sun kyauta mana, wata dattijuwa baƙar fata da ta ga Yaya na lalube a matattakala ita ta riƙe tocila tana haska masa har ya zauna, ya yi ta sa mata albarka da Hausa tana dariya ba ta san me yake cewa ba.

Abin da ya sa na ce sai na yi rubutun nan ba kyan gidan ba ne kawai, yadda ya tsira ne. An buɗe shi a watan Satumba 1928, William Fox ne ya gina, mai kamfanin finafinan nan da har yau sunansa ke yawo, wanda ya zana shi kuma C. Howard Crane. Lokacin Detroit kuɗi ne ke zuba kamar ruwan Agusta saboda masana'antun mota, Ford da General Motors da Chrysler, leburan kamfani ya karɓi albashi ya sa kwat ya ɗauko iyalinsa su zo su zauna a wajen da ya fi fadar sarki ado. Kuma an gina shi daidai lokacin da fim ya fara magana, don haka da na'urar sautinsa aka yi shi tun farko, ga kuma ƙatuwar ogan, wato abin kiɗa mai bututai, ƙirar kamfanin Wurlitzer, da har yanzu tana nan. Shahararren mawaƙin nan Elvis Presley ya yi wasa a nan a 1956, mawaƙan Motown, kamfanin waƙoƙin nan na Detroit, su ma nan suke cika gida a shekarun 1960.

Sai gari ya fara zubewa. A 1950 mutanen Detroit sun kai wajen miliyan 1.8, a ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba, ka ga kusan kashi biyu cikin uku sun watse. Kamfanoni suka kwashe suka koma bayan gari, Turawa masu hali suka bi su, tarzomar 1967 ta ƙara ingiza na baya, ga talabijin ta shiga kowane gida. Wa zai cika kujera 5,000? A shekarun 1970 Fox ya koma nuna finafinan kunfu da na ban tsoro don ya samu na biyan wuta, aka rufe benaye, ado ya dusashe da ƙura da hayaƙin taba. Da na gaya wa Yaya haka sai ya kwashe da dariya ya ce ashe lokacin da muke kallon Chanis a Fagge su ma nan shi suke kallo. Babban kantin Hudson's da ke kan titin ma ya rufe a 1983, tsakiyar gari ya zama wajen da in magariba ta yi kowa ke kama gabansa.

A irin wannan halin ne Mike Ilitch da matarsa Marian, masu Little Caesars na fiza, suka sayi gidan a 1987, suka kashe wajen dala miliyan 12 wajen gyara, aka sake buɗewa a Nuwamba 1988, shekara ta gaba gwamnatin Amurka ta sa shi a jerin manyan wuraren tarihi na ƙasa. Ni abin da ya fi burge ni ba kuɗin ba ne, shi ne sun kwaso hedikwatar kamfaninsu daga bayan gari sun dawo da ita benen ofisoshin da ke jikin gidan, a lokacin da kowa ke gudu su suka shigo, wato ba gyara suka yi suka kulle suka tafi ba, kullum akwai mutane a ginin, akwai mai share shi akwai mai lura in rufi ya fara yoyo. Shi Ilitch ɗin dai shi ne aka ce ya yi shekaru yana biya wa Rosa Parks, 'yar gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, kuɗin haya ba tare da ya yi surutu ba. Ya rasu a 2017.

Kada wani ya ɗauka gyaran gida ɗaya ya tayar da gari, a'a. Shekara 25 bayan sake buɗe Fox, a 2013, birnin Detroit ya shiga kotu ya ce ya talauce da bashin wajen dala biliyan 18. Amma unguwar da Fox yake ita ce ta fara farfaɗowa, aka buɗe filayen wasanni, Comerica Park a 2000, Ford Field a 2002, Little Caesars Arena a 2017, duk tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Har yanzu 'yan gari na muhawara a kan kuɗin harajin da aka zuba a waɗannan filayen alhali unguwannin talakawa na nan da kangwaye, kuma ina ganin suna da hujja, don in ka yi tuƙin minti goma daga ƙofar Fox za ka ga gidajen da ciyawa ta cinye. Sai dai a kan shi gidan silimar ban taɓa jin wanda ya ce da ma an rushe ba.

Kafin mu shiga da yamma na ɗan zagaya da Yaya ta titin Bagley, muka tsaya a gaban ginin Michigan, na buɗe masa hotunan cikinsa a waya. Shi ma gidan silima ne na alfarma, 1926 aka buɗe shi, kujeru wajen 4,000, kuma a kan filin da Henry Ford ya haɗa motarsa ta farko a 1896 aka gina shi. Ya mutu a tsakiyar shekarun 1970, sai aka fasa cikinsa aka zuba siminti hawa uku aka mai da shi garejin ajiye motoci, ba a rushe shi gaba ɗaya ba ne kawai don jikinsa a haɗe yake da benen ofisoshi. Motoci a jere a ƙasa, a sama ga rufin nan mai ado yana ɓarɓashewa. Yaya ya daɗe yana kallon hoton bai ce komai ba. Tsakanin gidajen biyu tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, zamani ɗaya, gari ɗaya.

Wani abu da ya kamata mai zuwa ya sani, Fox yanzu ba gidan fim ba ne a zahiri, wasannin kiɗa ne da na barkwanci da na yara da bukukuwan yaye ɗalibai, fim sai jefi-jefi. Da farko abin ya ɗan sosa min rai don ni farin allo na so Yaya ya gani. Daga baya na fahimci da fim kaɗai ba za a iya riƙe gida irin wannan ba, kuɗin ɗumama shi a hunturun Michigan kawai ya isa ya karya mutum. Wanda kuma lallai tsohon fim yake so a tsohon gida, akwai Redford Theatre a arewa maso yammacin gari, shi ma na 1928, 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi tun shekarun 1970 kuma suna kaɗa ogan kafin a fara.

A hanyar komawa muka tsaya Hamtramck, wani ƙaramin gari da ke manne da Detroit, muka ci abincin 'yan Yaman, can ne hankalinka kwance a kan halal. Muna ci Yaya yake cewa su a Kano ba wanda ya taɓa kallon gidan silima a matsayin abin adanawa, tun asali wajen 'yan iska ake ɗaukarsa, yaro in zai je a ɓoye yake zuwa, ga tsoron da gobarar silimar El Duniya ta 1951 ta bari a zukatan iyaye, wadda ta ci mutum sama da 300, shi ya sa da bidiyo ya zo gidajen suka mutu ɗaya bayan ɗaya wasu suka koma kantuna ba wanda ya yi kuka. Na ce Yaya to da kai ne da kuɗi za ka gyara ɗaya? Ya ajiye cokali ya ce shi ko bai gyara ba zai so a ce akwai guda ɗaya da ya rage yadda yake, da bencinansa da ɗakin majigi da tagar sayar da tikiti, ya kai jikokinsa ya nuna musu inda yake zama.

Taurari biyar na ba gidan, fakin ɗin unguwar kuma ko ɗaya ban ba shi ba. A je da wuri kamar awa ɗaya kafin a fara don a samu lokacin zagaya zauren, kuma a hau benen ko da tikitin ƙasa aka saya in ma'aikata sun bari. Yaya ya koma Kano da hotuna sama da ɗari a wayarsa, rabinsu na zakunan matattakala ne.