Burek na Turkiyya da na Bosniya: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Malama, kin tambaya ko burek ɗin da ake sayarwa a Istanbul shi ne na Sarayebo, babban birnin Bosniya. Asalinsu ɗaya ne, domin abincin ya bazu a yankin Balkan ne a zamanin Daular Usmaniyya, wadda ta ci Bosniya a shekarar 1463. A ƙasashen biyu fulawa ake kwaɓawa, a murza ta har ta yi siriri kamar takarda, a shafa mai, a zuba haɗi, sannan a gasa. Daga nan kuma kowa ya kama hanyarsa.

A Turkiyya sunan yana da faɗi ƙwarai. Akwai wanda ake naɗewa ƙanana a soya, akwai dogo da ake lanƙwasawa a tire, akwai kuma su böreği, wanda a ganina shi ne ya fi nuna gwanintar mai yi, saboda sai an tsoma kowane fallen kwaɓin a tafasasshen ruwa, an tsame shi ba tare da ya yage ba, kafin a jera su ɗaya bisa ɗaya da man shanu da farin cuku a tsakani. Shi ya sa cikinsa yake da laushi, samansa kaɗai ke yin ƙaras-ƙaras. Da safe ma'aikata kan tsaya a shago a yanka musu, su haɗa da shayi.

Mutanen Bosniya kuwa ba sa yarda da wannan faɗin. A wurinsu burek na nama ne kawai. Na cuku sirnica ne, na alayyafo zeljanica, na dankalin turawa kuma krompiruša, saboda haka wanda ya shiga shago ya kamata ya san abin da zai ambata. Suna jan kwaɓin da hannu a kan zane har ya rufe tebur, su zuba niƙaƙƙen nama da albasa, su naɗe shi dogo, sannan su murɗa shi a faranti mai zagaye. Shagunan gargajiya na tsohuwar kasuwar Sarayebo har yanzu wasunsu suna gasawa a ƙarƙashin murfin ƙarfe da ake lulluɓewa da garwashi, kuma wutar da ke zuwa ta sama da ƙasa ce ke ba shi ɗanɗanon da tandar lantarki ba ta bayarwa. Da awo ake sayar da shi, a ci da kindirmo.

Idan abin ƙoshi kike nema da rana, na Bosniya zan zaɓa miki, domin ya fi nama da nauyi. Idan kuma tafiyar ta kai ki ƙasar Sabiya, maƙwabciyar Bosniya, inda ake yin sa a zagaye a yanka gida huɗu, ki tambayi irin man da aka yi amfani da shi, domin wasu gidajen burodin can suna sa kitsen alade.