Abin da filta ɗaya ta koya mini a Ƙasim

Shekara tara ina tuƙa tantan a wajen Kura da Kadawa kafin Allah Ya kawo ni wata gona a bayan Buraida, nan yankin Ƙasim na ƙasar Saudiyya. Na zo da tunanin babu abin da zan koya a kan injin gas. Sanyin bara ne ya nuna mini ba haka ba ne.

Da sassafe ina yankan barsim, ciyawar da ake ba dabbobi, da Massey Ferguson mai injin Perkins, irin wadda muka saba da ita. Sai ta fara shessheƙa, ƙarfi ya ragu, ta mutu a tsakiyar gona da injin yanka a bayanta. Na ce ta sha iska, wato iska ta shiga hanyar mai. Na sassauta notin kan filtar gas, na yi ta buga famfon hannu har kumfa ta ƙare, na sassauta bututun nozul biyu, masu fesa gas cikin inji, na ba ta wuta. Ta tashi, ta yi taku kaɗan, ta sake mutuwa. Sai na yi abin da duk muke yi: na cire filtar, na bubbuga ta a jikin taya, na ɗauraye ta da gas, da na ga ba ta buɗe ba na ɗauko ƙusa zan huda ta.

A nan bakaniken gonar ya same ni. Dattijo ne Bahaushen Sudan, haifaffen Mai Wurno, kakanninsa na cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma a gonakin dawa na Gadarif ya koyi aiki. Ya riƙe hannuna a gaban ma'aikata, ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka kashe inji da hannunka?" Na ce, "Baba, haka muke yi a gida, kuma tana tashi." Ya ce, "Tana tashi, wata nawa take yi?" Wallahi na rasa amsa. Kunya ta rufe ni, domin na tuna famfon injakta nawa na ga an kai gyara a gida, kullum muna cewa ƙaddara ce.

Ya kwance kofin gilashin da ke ƙasan filta, ya ɗaga mini shi a rana. Gas a sama, ruwa kwance a ƙasa, da wani baƙin datti kamar dusa. Ya ce laifina ne na barin tanki rabi da daddare: iskar da ke ciki takan yi raɓa idan sanyin hamada ya sauko, raɓar ta gangara cikin mai. Cikin famfo da nozul kuwa matsatsi ne fiye da silin gashi, ruwa da ƙura na ratsawa sun cinye su. Tun ranar nake cika tanki da yamma, in tsiyaye kofin kafin in tayar. Shi ya koya mini karanta hayaƙi kuma: baƙi, duba filtar iska ko nozul, shuɗi, baƙin mai take ƙonawa, fari bayan inji ya yi zafi, ko gas bai ƙone ba ko ruwa na shiga silinda.

Da la'asar muka shiga Sana'iyya, unguwar kanikawa da masu kayan gyara. Mai shagon bai ce in kawo tsohuwar a gwada da ido ba. Lambar inji ya tambaya, ya buga a kwamfuta, ya miƙo filta a kwalinta da rasit. Babu "akwai orijina, akwai mai sauƙi", babu rantsuwa. Na daɗe ina juya kwalin nan, ina tuna sau nawa na biya kuɗin mai kyau a gida aka ba ni jabu.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Harajin kashi 15 cikin ɗari yana kan kowace kusa da ka saya. Gas ɗin da ake cewa ya fi ruwa araha ya kai riyal 1.66 lita a farkon 2025. Shaguna da dama rufewa suke tsakar rana, idan inji ya lalace maka daren Alhamis sai ka jira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sababbin tantan masu kwamfuta. Wata fitila ta kama a ɗaya daga cikinsu, muka zauna kwana huɗu muna jiran wakilin kamfani ya zo da na'urarsa, ciyawa na bushewa, ashe waya ɗaya ce ta saki. Kuma a nan ba su son gyara, canzawa suka sani. Kik ɗin tayar da inji da yaron gareji a Kano zai buɗe ya sa masa sabon gawayi, wato burushin cikinsa, su tarkace ne a wurinsu. A irin wannan lokaci nake kewar Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyara ta Kano, da kanikawanmu na gindin bishiya waɗanda da kunne kawai suke gane ciwon inji.

Hannu muna da shi, kula ce ba mu yi. Mu ne masu cire tamostat, mai daidaita zafin inji, mu jefar wai ƙasarmu da zafi. Mu ne masu ɗura ruwan kududdufi a lagireto, mu sayi gas a jarkar da ba mu san abin da aka haɗa a ciki ba. Agogon awa ya mutu shekara uku, ba wanda ya damu, sai baƙin mai ya zama kamar kwalta. Baba yana da littafi a aljihu, kowace tantan da shafinta, awa 250 na cika zai juye mai ko da ana tsakiyar aiki.

Na aika wa ƙanena kuɗin filta huɗu da sabon mazurari mai rariya kafin damina, na ce ya ɗauko mini hoton kofin gilashin nan kowace Juma'a.