Na ci bashin haya a gidan gwamnati a Ingila

'Yan uwa na gida suna yawan tambayata wai da gaske a Ingila gwamnati tana raba gidaje kyauta. Ba kyauta ba ne. Gidan ƙaramar hukuma ne, a nan muna ce masa gidan kansul, kuma haya ake biya, mako-mako ake lissafa ta. Sai dai ba ta kai ta 'yan kasuwa tsada ba. Samunsa ma sai an sha jira: iyalai sama da miliyan ɗaya ne a layi, domin tun 1980 da gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna damar sayen gidajen da suke ciki, an sayar da kusan miliyan biyu, ba a gina kwatankwacinsu ba. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki kuwa ba shi da rabo a ciki.

Ni Allah ya sa na samu, bayan na daɗe da takardar zama. A hunturun da ya wuce ciwon baya ya kwantar da ni, aikin ɗaukar kaya a sito ya gagara. Kuɗin jinya da doka ta tanada fam ɗari da 'yan kai ne a mako, hayata kaɗai ta kusa cinye shi. Na nemi Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, aka ce sai na jira mako biyar, haka tsarin yake ga kowa. Mai gida kuma bai san mako biyar ba. Da tallafin ya zo, sai na tarar an zaftare kashi 14 cikin ɗari na kuɗin haya, wai tunda 'yata ta yi aure ta tare, ɗakinta ya zama rara. Dokar 2013 ce. Ɗakin da za ta sauka in ta zo ganin gida, ɗakin da baƙo zai kwana, shi ne rara! Na ce to a ba ni ƙaramin gida, aka ce babu, in shiga layi. Wannan har yau yana ci mini rai.

Wasiƙu suka fara zuwa. Ka buga waya, na'ura ta ce danna ɗaya, danna biyu, ta bar ka da kiɗa a kunne har shayinka ya huce. Daga nan takardar gargaɗi ta iso: bayan mako huɗu suna da ikon kai ni kotu neman gidansu.

Na je ofishinsu na shirya wa wulaƙanci. Wadda ta karɓe ni yarinya ce sa'ar 'yata. Ta shigar da ni wani ɗan ɗaki, ta rufe ƙofa don kada wani ya ji, ta fito da takarda mai gida biyu: abin da ke shigowa, abin da ke fita. Gas nawa, wuta nawa, cefane nawa, kuɗin motar yara nawa. Na ambaci abin da nake aika wa Hajiya duk wata. Ta duba takardar, babu gurbinsa. Ta ce, "Bashi ne?" Na ce a'a, mahaifiyata ce. Ta rubuta shi a ƙasa da hannunta. Da muka zo kan biya, kunya ta sa na ce zan riƙa ɗora fam ashirin a kan hayar kowane mako. Ta sake kallon lissafin ta ce kada in yi alkawarin da zan karya, in fara da fam biyar. Wallahi sai da idona ya ciko. Mai bin ka bashi shi ne yake rage maka. Ta haɗa ni da Citizens Advice, masu ba da shawara kyauta, suka taya ni neman ɗan agajin da ya toshe giɓin ɗakin nan na wasu watanni.

Su ne suka fahimtar da ni cewa ba kirkinta kaɗai ba ne. Ƙa'idar kotu ta wajabta wa hukuma ta nemi sasantawa kafin ta shigar da ƙara. Ko an je gaban alƙali, yakan jingine umarnin tashi muddin kana biyan haya da ɗan abin da aka yanka maka. Kuma a dokar 1977 laifi ne mai gida ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tsiya ba da izinin kotu ba.

Amma fa ana korar mutane. Maƙwabcina ya daina buɗe wasiƙunsa, rannan ma'aikatan kotu suka zo da mai canza makulli, ya fito da kayansa a baƙaƙen ledoji. Ko mutum ɗaya bai leƙo ba. A unguwarmu da tuni liman da mai unguwa sun taka ƙafa zuwa wurin mai gida, wani ya ba da kuɗin adashensa, wani ya buɗe masa shagon ƙofar gida. Ranar na yi kewar gida ƙwarai.

Duk da haka ba zan rufa mana asiri ba. Can gida, ɗan ƙanin babana, da damina tsaka, mai gida ya sa aka cire masa kwano uku a kan ɗaki, matarsa tana jego, saboda bashin wata biyu. Wanda ya yi haka sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Gidajen gwamnati kuma, tun na zamanin Shagari, talaka nawa ne ya shiga? Mai uwa a gindin murhu ya karɓe, ya zuba 'yan haya, shi kuma ya ƙi biyan hukuma ko kwabo, wai ai kayan gwamnati ne. Sannan a dubi malamin firamare da ake biya wata-wata, wani lokacin ma a yi masa jinkiri, a ce ya kawo hayar shekara guda dunƙule, ga la'adar dillali. Jama'a, daga ina ake so ya samo ta?