Sharhina kan Full Stack Open bayan wata biyar ina koyon aikin bayan fage

Shekara uku na yi ina gina fuskar shafukan intanet. Ka ba ni zane, in zauna da HTML da CSS da React, kayan aikin gina fuskar shafi, in fitar maka da shi tsaf, ya buɗe daidai a waya da kwamfuta. Amma duk ranar da mai aiki ya ce yana son mutane su riƙa yin rajista, ko a adana odar kwastomomi, dole in nemo wani ya yi ɓangaren bayan fage, wato sabar, kwamfutar da ke karɓar bayanai ta adana su, mu raba kuɗin. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa na kama kwas ɗin Full Stack Open na Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan.

Kyauta ne, ko sisi ba a biya, kuma karatu ne a rubuce, da hotuna da misalan kod. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san amfanin wannan. Nakan buɗe shafukan darasi tun da rana, ko an ɗauke wuta da dare ina ci gaba da karatu har batir ya ƙare. Aikin gida kuwa a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ake saka shi.

Kashi na 1 da na 2 duk React ne, na wuce su da sauri. A kashi na 3 aka shiga Node.js da Express, kayan aikin gina sabar. Node.js, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009, shi ke ba yaren JavaScript damar aiki a kan sabar, ba a cikin burauza kaɗai ba. Wannan ya rage mini nauyi ƙwarai, don yaren da na riga na sani ne, wurin aikin ne kawai ya canza.

Aikin wannan kashin littafin lambobin waya ne: suna da lamba, a saka, a goge, a gyara. A nan ne na ga abin da shekara uku ban gani ba. A fuskar shafin na riga na hana a tura fom idan babu suna, ina ganin na gama tsaro. Sai darasin ya sa na gwada sabar kai tsaye da Postman, manhajar aika wa sabar buƙata, ba tare da bi ta fom ɗin ba. Na aika bayani babu suna, sabar ta karɓa ta adana shi salin-alin. Na daɗe ina kallon allon. Ashe duk shingen da nake ginawa a burauza, ƙofar gaba kawai na kulle, ta baya a buɗe take ga duk wanda ya san hanya. Tun ranar na daina yarda da duk abin da ya zo daga burauza sai sabar ta tantance da kanta, idan bai cika ba ta mayar da amsar 400, idan abin da ake nema babu shi ta ce 404. Da can waɗannan lambobin kuskure ne da nake gani in ji haushi, yanzu ni nake zaɓar wadda ta dace.

Kashi na 4 ya fi ba ni wuya, kuma shi na fi so. A nan na koyi cewa ba a adana kalmar sirrin mutum yadda ya rubuta ta. Wani kayan aiki mai suna bcrypt ke murɗe ta ta yadda ko an sace rumbun bayanai, ɓarawon ba zai karanta ta ba. Na koyi ba mai shiga shaidar JWT, wato tikitin da sabar ke gane shi da shi, da rubuta gwaje-gwajen sabar da kayan aikin supertest, bayan tun a kashi na 3 na koyi ajiye makullan rumbu a fayil ɗin .env wanda ba a tura shi GitHub. Wallahi sai da na ji nauyin amanar da ke wuyan mai wannan aiki, don lambar wayar mutane da sirrinsu ne a hannunsa.

Abu ɗaya da zan so a ce ya zo da wuri shi ne PostgreSQL, rumbun bayanai mai teburori. Da MongoDB, rumbun da ba na tebur ba, ake farawa, rumbu mai teburori masu alaƙa da juna sai can kashi na 13. Ayyukan da ake kawo mini kuwa, kaya da farashi da bashi ne, irin bayanan da suka fi zama daidai a tebur. Shawarata, da zarar ka gama kashi na 4, ka ware lokaci ka koyi SQL, yaren irin wannan rumbun, a gefe.

Kwas ɗin ba na ɗan fari ba ne. Sai kana da JavaScript a hannu, ka san Git, manhajar bin sauye-sauyen kod, kuma kana iya zama ka karanta dogon bayani da Turanci ba ka ƙosa ba. Amma wanda ya riga ya goge a React, ina ba shi shawarar ya kama shi ba tare da jinkiri ba.

Yanzu haka ina haɗa wa wani mai shagon kayan masarufi manhajar rubuta bashi, gaba da baya duk ni kaɗai. Abin da na fara rubutawa shi ne sharaɗin da ke hana sabar karɓar bashi babu suna ko babu adadin kuɗi.